Abin da ke sa dogon littafi ya gagare mu a tsakiya

A gidaje da yawa a Kaduna akwai littafin da aka naɗe kusurwar shafinsa na 60, aka ɗora kan durowa, ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Nawa shekara biyu ya yi a haka, kuma raina yana sosuwa duk lokacin da idona ya sauka a kansa.

Babban kuskurenmu shi ne karatun tsinci-tsinci. Mun saba da labaran da ake sakewa a WhatsApp, shafi ɗaya kullum, kowane ya tsaya a inda zai bar ka da ɗokin na gobe. Ƙagaggen labarin zamani mai shafi 500 ba haka aka gina shi ba. Babi ɗaya uwa ce ke magana, na gaba ɗanta ne bayan shekara talatin, marubucin kuma ba zai sanar da kai an sauya baki ba. 'Yan mintuna a cikin Keke daga Kawo zuwa Kasuwa, ga hon ga rana, ba za su ishe ka kama zaren ba. Ka ba shafi hamsin na farko zama ɗaya ko biyu, ka kife waya. Ni a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja na warware da nawa: sama da awa biyu ina zaune, kafin mu isa muryoyin mutanen littafin sun fara bambanta a kunnena. Wanda ba shi da tafiya, bayan sallar asuba ma ta wadatar, kafin gida ya tashi.

Sai damuwa da sunaye. Mutum ya ga ya manta waye kawun wa, sai ya yanke cewa kansa ne ba ya ja. Ai ko amarya da aka kai babban gida a Tudun Wada ba ta haddace dangin miji a mako guda. Sami 'yar takarda, rubuta kowane suna da dangantakarsa, ka bar ta a cikin littafin.

Idan na Turanci ne, kada ka riƙa tsayawa duba ƙamus a kowane layi. Ja wa kalmar layi da fensir ka wuce. In ta dawo sau uku, to nemi ma'anarta.

Wasu kuma da zarar sun ruɗe sai su garzaya intanet neman taƙaitaccen labarin. Wannan yana ba ni takaici, domin ruɗewar nan sau da yawa da gangan marubucin ya dasa ta, amsarta tana can gaba.

Tun 2017 da aka fara bikin littattafai na KABAFEST ake taruwa a garin nan don hirar littafi, amma ba sai ka jira biki ba. Aboki ɗaya ya isa. Ku tsayar da babi uku a mako, ku haɗu ranar Asabar wajen mai shayi, kowa ya faɗi inda ya ɓace.