Kalmomin Turanci na ragi da ƙi: ka san su kafin ka sa hannu

Wanda ya sauka Ingila ko Amurka da Turancin makaranta a bakinsa yakan ɗauka babbar wahalarsa ita ce saurin maganar mutane. Bayan wata biyu ko uku kunne ya saba. Abin da ke ci gaba da ba mutum ciwon kai shi ne takarda: wasiƙar banki, takardar albashi, yarjejeniyar haya, saƙon hukumar shige da fice. In ka lura kuma, kalmomin da suka fi tayar da hankali a cikinsu 'yan gida ɗaya ne, masu nuna an rage, an cire, ko an ƙi. A Hausa muna da rage, da cire, da zabtare, da janye, da soke, da yafe, kuma ko yaro ba ya rikita su. Turanci ma ya bambanta nasa, sai dai baƙo kan zuba su duka a kwando ɗaya ya ce "an hana ni". Nan ake tafka asara.

Mu fara da albashi, tunda shi ne abin da ya fi saurin sa sabon zuwa zargin an cuce shi. Kuɗin da aka faɗa maka ranar ɗaukar aiki shi ne gross, wanda ya shiga asusunka shi ne net, abin da ke tsakaninsu kuma deductions, wato abubuwan da aka cire. A Ingila za ka ga haraji ƙarƙashin sunan PAYE, da National Insurance, wato gudummawar asusun fanshon gwamnati da tallafi, sau da yawa har da kuɗin fanshon wurin aiki. Duba lambar harajinka. Mafi yawan ma'aikata suna da 1257L, ma'ana fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa su. Idan ka ga W1 ko M1 ko X a ƙarshen lambar, ta wucin gadi aka sa maka, kuma mai yiwuwa ana cire fiye da kima. Ana gyarawa, ana kuma mayar da rarar, saboda haka kada ka yi shiru. A Amurka kalmar ita ce withholding, harajin da mai aiki ke riƙewa bisa abin da ka cike a fom ɗin W-4, ga kuma kashi 6.2 cikin ɗari na Social Security, wato asusun fanshon gwamnati, da kashi 1.45 na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. In ka ga less a farkon layi a takardar lissafi, ba "kaɗan" take nufi ba, "a cire wannan" take nufi.

Akwai wasu 'yan ƙananan kalmomi biyu da nake roƙon kowa ya riƙe su da kyau: by da to. Ka ce kana aikin awa 40 a mako, sai aka rubuto maka reduced by 10 hours. An rage goma ke nan, saura 30. Amma idan reduced to 10 hours aka rubuta, an mayar da kai awa goma kacal. Harafi biyu ne, amma su ne tsakanin mai iya biyan haya da wanda zai fara neman wani aikin gobe. Duk inda ka ga reduce ko decrease ko cut, idonka ya tsallaka kan kalmar da ke biye.

Deductible kuwa fuska biyu gare ta. A maganar haraji alheri ce: abin da aka ce tax deductible ana cire shi daga kuɗin da za a lissafa maka haraji a kai. A maganar inshora nauyi ce: ita ce kason da za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfanin ya fara nasa. Mutanen Ingila excess suke ce mata. Inshorar da ta yi araha fiye da sauran, ka nemi wannan layin kafin ka yi murna.

Sai decline, wadda aikinta ya yi yawa. Idan na'ura ta ce declined lokacin da ka sa kati, biyan ne bai wuce ba, ba hukunci aka yanke maka ba. Wani lokaci kuɗi ne bai isa ba, wani lokaci banki ne ya ga ciniki a wurin da bai saba gani ba ya dakatar don kare ka. Idan likita ya ce lafiyar wani tana declining, ja da baya take yi, kuma magana ce mai nauyi. Ita ce kuma kalmar da kai kanka za ka buƙata. Mun taso da jin nauyin cewa a'a kai tsaye, shi ya sa mutum kan yi shiru ko ya ce zai duba, su kuwa su ɗauka ya amince. I'd like to decline ƙi ne cikin ladabi, ba wanda zai ji an ci masa fuska. Refuse ta fi ta kaushi, reject kuma ta fi kama da watsi da abu.

A takardun izinin zama ne bambancin ya fi tsada. A tsarin Ingila, idan an ce an yi rejected da buƙatarka a matsayin invalid, ba a ma duba ta ba, wani sharaɗin shigarwa ne bai cika ba, kamar biyan kuɗi ko ba da hoton yatsa. Refused kuwa an duba ne aka ƙi, kuma fom na gaba zai tambaye ka ko an taɓa ƙin ba ka biza, dole ka faɗi gaskiya. Withdrawn janyewa ce, yawanci daga ɓangarenka. Curtailed na nufin an gajarta wa'adin izinin da ka riga ka samu, misali idan aikin da aka ba ka biza dominsa ya ƙare, kuma galibi kwana 60 ake bari. Revoked an ƙwace gaba ɗaya, suspended an dakatar na ɗan lokaci. Duk wasiƙar da ta zo da ɗaya daga cikin waɗannan, ka nemi kwanan watan da ke jikinta tun kafin ka gama karantawa, domin damar neman a sake dubawa tana da wa'adi, sannan ka kai ta wurin lauya ko mai ba da shawara da hukuma ta yi wa rajista. Kada kunya ta sa ka ajiye ta a aljihun tebur.

Guda ɗaya ce a gidan nan mai daɗin ji, ita ce waive, wato yafewa. Fee waived na nufin an ɗauke maka biya, kuma halal ne ka tambaya ko za a iya waive ɗin tarar jinkiri, musamman karo na farko. Sai dai idan kai ne aka ce ka sa hannu kan waiver, to kai ne mai yafewa, wani haƙƙinka kake sauke wa wani. Karanta ka ga wane ne.

A ɗakin likita ma haka abin yake. Cut down on ragewa ce, cut out dainawa ce ɗungurum. Idan an ce ka yi taper ɗin magani, a hankali ake so ka riƙa ragewa har ka sauka, domin wasu magungunan katse su rana ɗaya haɗari ne. In ba ka tabbata wanne aka ce ba, maimaita wa likitan da bakinka, da adadi da kwanaki, ka roƙe shi ya rubuta maka a takarda kafin ka tashi daga kujerar.