Yadda za ka saita SQM a rawuta don intanet ta daina jan ƙafa

Kun san dai matsalar nan, mutum ɗaya ya fara loda bidiyo a gida sai kiran WhatsApp na kowa ya fara yankewa, alhali data na nan. Layin ne ya cushe, kuma SQM (tsarin da ke jera data a kan layi don kada ya cushe) da ke cikin OpenWrt, manhajar da ake ɗora wa rawuta, shi ne maganinta in ka saita shi daidai.

Da farko ka gwada sipid ɗinka lokacin da ba kowa a kai, sau uku ko huɗu, har da daddare in mutane sun yi yawa. To a saitin SQM sai ka sa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ka samu, kuma ka lura da kilobit ake rubutawa, wato in kana samun 20 Mbps sai ka sa wajen 18000. Nan ne mutane ke kuskure wallahi, suna jin zafin rasa ɗan sipid sai su sa cikakken adadi, shi ke nan cunkoson ya koma wajen kamfanin da ke ba ka intanet inda rawutarka ba ta da iko a kai.

A saitin SQM ɗin ka zaɓi cake a matsayin tsarin jera data, da piece_of_cake.qos a matsayin script ɗinsa, kar ka wahalar da kanka da sauran, ka tabbata a kan WAN (ɓangaren da intanet ke shigowa rawutar) ka ɗora SQM ɗin, sannan ka kashe flow offloading, wani saiti na hanzarta wucewar data da kan iya tsallake SQM.

Masu 4G kuwa sipid ɗinku hawa da sauka yake, ku ɗauki mafi ƙanƙanta da kuka gani, ko ku sa ƙaramar manhajar cake-autorate ta riƙa daidaita adadin da kanta.