Kafin ka sayi tsohuwar kujerar rubutu ta Faransa

'Yan uwa masu sha'awar kayan da, idan aka nuna muku kujerar teburin rubutu aka ce ta zamanin Sarki Luwi na 15 ce, ku fara kife ta. A ƙarƙashin katakon mazauni kafintocin Faris ke buga hatimin sunansu, domin ƙa'idar ƙungiyarsu ta 1743 ta wajabta hakan, har aka rushe ƙungiyoyin sana'a a 1791. Georges Jacob, kafintan kujeru na Faris wanda ƙungiyar ta amince da shi a matsayin cikakken gwani a 1765, sunansa na ɗaga farashi sosai, shi ya sa 'yan jabu ke kwaikwayon hatiminsa.

Don haka hatimi kaɗai bai isa ba. Ku duba mahaɗar katako: ta asali da turakun itace ake ɗaure ta, kuma cikin katakon yana da ɗan kaushi, alamar aikin hannu. Idan ya yi sumul kamar madubi, inji ne. Irin kujerar nan sau da yawa ƙafa ɗaya tana gaba a tsakiya, mai rubutu ya raba ƙafafunsa gefe da gefe.

Don Allah kada ku kankare tsohon fentinta, abin yana min ciwo. Tsumma mai laushi da ɗan kakin zuma sun wadatar.