Kafin ka yanka farantin boila, duba lambarsa

Aikina haɗa tukunyar tururi, wato boila, da tankunan matsi, galibi wa masu injin shinkafa a Kano, inda ake turara shanshera kafin a ɓare ta. Abin da nake yawan nanata wa yaran shagona shi ne, ƙarfen da ba shi da takarda ba ya shiga jikin boila, komai kaurinsa.

Ƙa'idar da nake bi ta ASME ce, ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka. Bugunta na farko na 1914 ne, bayan an sha fama da fashewar boila, irin wadda ta kashe mutum 58 a wata masana'antar takalma a garin Burokton na Amurka a 1905. Sashe na 1 na boila ne, na 8 na tankunan matsi, na 2 kuma shi ya jera ƙarafan da aka yarda da su.

Fara da zane. Ga jikin tanki, galibi za ka ga an rubuta sunan ƙarfen, SA-516 mai daraja 70; bututu kuma SA-106 B, ko SA-192 ga na cikin boila. Sunan nan shi za ka faɗa wa dillali, ba "faranti mai mili 12" kawai ba. Farantin gini da ake yin ƙofa da shi kamanninsu ɗaya a ido, amma ba don wannan aiki aka narka shi ba.

Idan kaya sun iso, karɓi takardar gwaji ta kamfanin da ya narka ƙarfen, wadda ake kira 3.1. A ciki akwai lambar zubi, wato lambar narkin da ƙarfen ya fito daga ciki, da yawan kabon da manganis, da ƙarfin ja. Ƙarfin ja na SA-516 mai daraja 70 dole ya faɗa tsakanin 485 da 620 a ma'aunin megafaskal. Sai ka durƙusa da tocila da burushin waya ka nemo lambar zubin nan a jikin farantin kansa. Nan ake yawan yin sakaci. An taɓa kawo min faranti shida da takarda tsaf-tsaf, amma lambar biyu daga ciki daban take. Dillalin ya rantse duk daga jirgi ɗaya suka fito. Na mayar masa da biyun, aiki ya tsaya mako guda, mai injin ya yi fushi, amma ban ga wata hanya ba: mutane ne za su tsaya kusa da tukunyar nan kullum.

Kafin ka yanka, buga lambar a kan kowane yanki da zai fita, har ƙyallen da za ka ajiye. Da zarar wuta ta raba farantin, yankin da ba shi da lamba ya tashi daga aiki. Ni a littafi nake rubuta wane yanki ya tafi wane gurbi.

Sandar walda ma tana cikin lissafi. E7018 ba ta son danshi, don haka bayan an buɗe kwalinta a tanda mai zafin kusan digiri 120 na Selsiyus take kwana, musamman da damina.

Takardun duka ka haɗa su a fayil ɗaya, don su sufeto zai fara tambaya kafin gwajin matsi da ruwa, wanda ga boila ake kai shi ninki ɗaya da rabi na matsin da aka yarda ta yi aiki da shi.