Masu injin yanka katako, a kula da haɗin mai

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a daina haɗa fetur da baƙin man mota. Man 2T, wato man da aka yi musamman don haɗawa da fetur a irin wannan inji, shi ne nasa, mililita 100 a lita 5 na fetur, a girgiza sosai cikin jarka kafin a zuba. Ni ganganci ya ja min, fistan ya ƙame a silinda, sati biyu ina zaune ba aiki.

Kullum in an tashi aiki a buɗe murfi a kakkaɓe matatar iska. Garin katako da ƙurar hunturu kan toshe ta har inji ya riƙa shaƙewa. Filogi in ya yi baƙi ƙirin, a goge da buroshin waya. Haɗin da ya haura wata guda kuwa, kada ya shiga tanki.