Kafin ka ɗora tsofaffin takardun gidanku a intanet

Mai takarda daban, mai rubutu daban. Gafakar da ka gada taka ce, amma haƙƙin abin da ke rubuce a ciki na marubucin ne, in ya rasu ya koma ga magadansa. Shi ya sa in na je ɗaukar hoton takardun wani gida, ba na kafa kyamara sai mun zauna da mai gidan mun ware takardun da tambaya biyu: wa ya rubuta, yaushe ya rasu?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. To, yi lissafi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Nana Asma'u a 1864, babu mai tare ka a kan rubutunsu. Sa'adu Zungur kuwa a 1958 ya rasu, sai 2028 ta ƙare tukuna. Abubakar Imam 1981, da sauran tafiya har ƙarshen 2051. Hoto da kaset lissafinsu daban, shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a.

Ga inda ake tuntuɓe. Matanin Shehu na kowa ne, amma fassarar da wani malami ya yi masa, da sharhinsa, na malamin ne. Haka bayanin da kakanka ya rubuta a gefen shafi. Shafi ɗaya, masu haƙƙi biyu.

Dokar ta sassauta wa ɗakunan karatu da gidajen adana tarihi su kwafa domin kada abu ya lalace. Adanawa ce aka yarje, ba watsawa a Facebook ba. In a irin waɗannan gidajen, kamar Arewa House ko National Archives da ke Kaduna, ka ɗauki hoton, tambayi ƙa'idarsu kafin ka wallafa.

Izinin magada kuma a rubuce shi. "Ba komai, Malam, ɗauka" ba ya tsayawa ranar da wani ɗan'uwa ya ga takardar a wayarsa. Takarda ɗaya da Hausa ta isa: me aka ɗauka, ina za a ajiye, wa zai gani, ko za a sayar. Mai gida ya sa hannu, a ba shi kwafin hotunan.

Wasiƙu, takardun bashi da na rabon gado, musamman masu ɗauke da sunayen bayi, da laƙanin da malami ya rubuta wa iyalinsa kaɗai, ko sun haura shekara 100 ina ɗaukar hotonsu in ajiye a fayil daban. Ba sa fita sai dattawan gidan sun gani sun amince.