Yadda na dawo da juriyar jikina a Jidda

Bayan doguwar jinya, hawa bene kaɗai kan sa ni haki, alhali a da nakan kammala sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tafiyar kimanin kilomita 3, ban zauna ba. Da likita ya amince, sai na fara da tattaki a bakin Bahar Maliya bayan sallar Asuba, domin zafin Jidda da damshinta kan ƙara wa zuciya aiki da rana.

Ma'aunina shi ne magana: muna tafe da maƙwabcina muna hira, idan na kasa ƙarasa jimla ba tare da jan numfashi ba, sai in rage sauri. Na riƙa ƙara tsawon tafiyar kafin saurinta, ina tsallake kwana ɗaya, saboda numfashi yakan rigayi gwiwa da jijiyoyin ƙafa farfaɗowa, kuma a ganina nan ne masu gaggawa ke jin rauni. Gorar ruwa ba ta barin hannuna.

Yanzu ina cika minti 150 a mako, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya, har na soma sassarfa kaɗan-kaɗan.